Kiryar Kakata da Jan Fentin Gomnati

Ran nan maƙwabciyata a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ta aiko 'yarta in sam mata kananzir, za ta hura gawayi. Ba ni da shi, na daɗe ban ajiye ba, amma yarinyar ta buɗe kwalbar da ke hannunta don ta nuna min nasu ya ƙare. Warin da ya bugi hancina sai da na nemi kujera na zauna. Kai mai karatu, wataƙila fitilar ƙwai kananzir ke tuna maka. Ni wani itace yake tuna min a bayan garin Tsibiri, da wata gajerar tsohuwa mai taurin kai wadda ta haifi uwata.

A Sabon Garin Maraɗi aka haife ni, amma da an ba da hutun lakwal, wato makarantar boko, uwata ke ɗaure min kaya a ɗankwali ta sa ni motar Tsibiri, wai in je in taya kakata aiki. Taimakon da nake yi mata bai wuce cin tuwonta da ɓata mata rai ba. 'Yar birni take kirana, ta ce hannuna bai iya komai ba sai riƙe alli. Ni kuma in ce gidanta wari yake, don sana'arta daddawa ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa ranar da ake buɗe tukunya ya san ban yi mata ƙage ba. Sai ta yi dariya ta ce warin nan ne ya yi wa uwata kayan ɗaki.

Daddawarta ta 'ya'yan kirya ce, kuma daga itace guda take samunsu. Kirya ce babba, baƙa, mai kaushin jiki, tana tsaye a tsakiyar wata gona a kan hanyar gulbi. Gonar ba ta kakata ba ce. Nan ne yaran yanzu kan rikice in ina ba su labari, don haka bari in yi maka bayani. A wurinmu gona daban take, itacen da ke cikinta daban. Mahaifin kakata, kafin ya rasu, ya tara dattawa a gindin itacen ya ce gona ta 'ya'yansa maza ce, kirya kuwa ta 'yarsa ce ko ina aure ya kai ta. Daga baya wata shekarar yunwa ta sa 'yan'uwanta suka sayar da gonar ga wani alhaji ɗan kasuwa na Maraɗi. An sayar da ƙasa, ba a sayar da itace ba, kowa ya shaida. Alhaji ya noma geronsa ya girbe, in sanyi ya shigo 'ya'yan kirya suka bushe suka fara zuba, kakata ta ɗauki kwandonta ta shiga gonar ba sallama.

Ina son tsintar nan. In ka girgiza ɗan kirya busasshe za ka ji ƙwayoyin na kaɗawa a ciki, ni kuwa sai in cika hannu biyu in yi ta rawa ina kaɗa su har ta daka min tsawa. Ta kan dafa jikin itacen kafin mu tafi, kamar yadda ake dafa kafaɗar ɗan'uwa in za a rabu. Mijinta ya rasu, ɗakinta ya sha rushewa ana sakewa, awaki sun zo sun ƙare, amma kiryar tana nan inda ubanta ya bar mata. Ba ta da wani abu a duniya da za ta nuna ta ce nata ne ita kaɗai sai wannan.

Autanta, wato kawuna, malamin daji ne. Yana da koren kaki da babur, kuma yana cikin mutanen da ake sauke murya in sun shigo gari, don su ke cin tarar wanda ya sare itace ba takarda. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, an ce ya taɓa cin ɗan baffansa tara a kan reshen gawo. Kakata tana alfahari da shi a cikin gida, a waje kuma ta riƙa ba mutane haƙuri a kansa.

Wata shekara bayan girbi sai ga shi da abokan aikinsa a farar mota. Mai shela ya zaga gari ya ce gomnati na son sanin dajin da ya rage mata da manyan itatuwan da ke cikin gonaki, irinsu da kaurinsu, don tun bayan fari itace ke ƙarewa, ga Maraɗi na cin amalanken makamashi kullum safiya. Aikinsu abin kallo ne. Ɗaya ya zagaya gindin itace da igiyar awo daidai ƙirjinsa ya faɗi, ɗaya ya rubuta, kawu kuma ya tsoma buroshi a gwangwani ya ɗiga jan fenti a jikin itacen, su wuce na gaba.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci: duk itacen da aka shafa wa ja ya zama na gomnati. Da kawu ya shigo cin tuwo kakata ta tare shi da maganar.

"Inna, fentin nan ba komi ba na," ya ce. "Don kar mu ƙirga icce guda sau biyu na kawai."

Ta dube shi kamar yaron da ya zo da tatsuniya. "Sun ƙirga shanu, jangali ya biyo baya. Sun ƙirga kawuna, haraji ya biyo baya. Sun ƙirga ɗiya, sunka kwashe su lakwal, har da kai. Ni ban taɓa ganin gomnati ta ƙirga abu don ta yi mashi addu'a ba."

Washegari suka kai ga kiryarta. Kawu da kansa ya ɗiga mata ja, tana tsaye tana kallo. Da suka gama da Tsibiri suka yi gaba.

Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa, sai ta juye kananzir ɗin fitilarta a kwalba, ta ɗauki soso da guntuwar wuƙa, ta ce in biyo ta. Ɗigon yana can sama inda hannun kawu ya kai, wato ya fi ƙarfin tsawonta, ni kuma ban kai ba. Sai ta durƙusa na hau bayanta, ta miƙe da ni tana nishi tana cewa tuwon mutane bai tafi a banza ba. Na jiƙa soso na yi ta gogewa, inda fenti ya shige cikin tsagar ɓawo na kankare da wuƙa, kananzir na bin hannuna har gwiwa. Wani ɓallin ɓawo mai ja ya faɗo, ta tsince shi ta ƙulle a bakin zanenta don kada wani ya gani. Muka koma gida tana tafiya kamar wadda ta ƙwato ɗanta daga hannun 'yan sanda. A daren nan da hasken murhu muka ci tuwo.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne alhaji. Ba mugun mutum ba ne, amma ya daɗe yana ƙorafin inuwar kiryar na hana geronsa tashi, tsuntsayen da ke kwana a kanta kuma su cinye wanda ya tashi. Masassaƙan garin Jiratawa su ma sun daɗe suna haɗiye mata yawu, don turmin kirya uwa ke bar wa 'ya, ragowar kuma maƙera su saye gawayi. Bayan ƙidayar nan masassaƙa suka ji tsoron duk itace mai ja, suka shiga yawon neman wanda ba shi da shi. A duk faɗin hanyar gulbi kuwa babban itace guda ne ba ja a jikinsa. Alhaji ya ga ai gomnati ba ta damu da wannan ba, a sare, daga baya a kai wa tsohuwa buhun gero a ba ta haƙuri.

Wata maƙwabciya ce ta shigo da labarin, ta ce ta ga masassaƙa na rungumar itacen suna auna shi, jibi za su dawo da gatura. Kakata tana tsakiyar dunƙula daddawa, hannunta ya tsaya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma ni ma na tsorata ƙwarai. Dattawan da suka shaida kyautar ubanta duk ƙasa ta rufe su. Ana iya kai ƙara wurin mai gari, amma shari'a ba ta tayar da itacen da ya riga ya faɗi. Kawu kuma yana can cikin daji, ba wayar da za a neme shi. Can ta ce a hankali, "Da hannuna na tuɓe mata riga."

Da sassafe muka shiga motar farko zuwa Maraɗi. Ko gidanmu ba ta biya ba, kai tsaye muka nufi babbar kasuwa wajen masu kayan gini. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye ɓallin ɓawon nan a kan teburin mai shago ta ce irin wannan jan take so, ba wani ba. Mutumin ya yi ta buɗe gwangwanaye tana karawa tana girgiza kai, sai da aka dace. Kafin azahar mun dawo gindin kirya da gwangwani da guntuwar tsintsiya.

A ganin kakata, in ɗigo guda na tsare itace, to da yawa sun fi. Ta shafa gabas ta shafa yamma, don ba ta san ta inda za su ɓullo ba. Ta shafa wa saiwoyin da suka fito waje. Na sake hawa bayanta na shafa har inda hannuna ya kai. Da muka ja baya muka duba, kiryar ta koma kamar yarinyar da ta saci jan bakin uwarta.

Masassaƙa suka zo da gaturansu, suka zagaya itacen, suka dubi juna, suka saɓa kayansu suka koma Jiratawa. Alhaji kuwa ɗan kasuwa ne, bai taɓa ganin gomnati ta yi kyautar fenti haka ba. Ya tafi biro, wato ofishin malaman daji a Maraɗi, ya jira har kawu ya dawo, ya taho da shi ya faɗa a gaban jama'a ko wannan shafinsu ne.

Rabin gari ya biyo su. Kakata ta riga kowa zuwa, ta zauna a gindin itacen, ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa, ga ja nan a ƙarƙashin faratanta, ba ta ɓoye ba. Kawu ya dubi kiryar daga sama har ƙasa, ya dubi hannun uwarsa. Na san ba zai yi ƙarya ba ko don ita.

"Wanga ba shafinmu ba na," ya ce. "Namu ɗigo guda na, kuma ni na sa shi nan da hannuna."

Bai tambayi inda ɗigon ya tafi ba. Ya kwance gwangwaninsa daga bayan babur, ya nemi ɗan wurin da tsintsiyarmu ta tsallake, ya ɗiga nasa, ɗan ƙarami, tsaf. Sa'an nan ya ce kirya ba a sare ta sai da takarda, takarda kuma ba ta fita sai mai itace ya yarda. Ya juya ga jama'a ya tambaya, "To, wa ke da iccen ga?"

Wata tsohuwa ta ce na kakata ne, ubanta ya ba ta. Sai maza suka ɗauka, har da samarin da ba a haife su ba lokacin kyautar, kowa na cewa na tsohuwa ne. Alhaji ya cire hula ya sosa kai, ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, kin fi ni." Da ta buɗe tukunya ta gaba ta aika wa matansa daddawa cike da ƙwarya.

A gida kawu ya fara yi mata faɗan ɓata alamar hukuma. Ta bar shi ya gama, ta tura masa akushi, ta ce, "Naka ya yi ƙanƙanta, ɗan nan. Gomnati rowa gare ta."

Shekarar da ta ji jikinta ya fara ƙi, ta sa aka kai ta gindin kiryar a amalanke, ta tara mutane, ta ce bayanta itacen na 'yar birni ne. Da daminar ta rasu. Kawu kuwa, har ƙafafunsa suka gaza, duk bayan girbi sai ya je ya sabunta fentin, nasa ɗigon da duk shafe-shafenta, ko guda bai bari ya dushe ba.

Yanzu ɗana ya ce min daga sama ake ƙidaya itatuwa, ba igiya ba gwangwani. Maraɗi ta miƙa ƙafa har ta kusa taɓa Tsibiri, gonar alhaji an yanka ta filaye an yi gidaje, sai wata 'yar hanya da ta karkace ta kauce wa kiryar. Ni ce mai ita, amma ban iya daddawa ba. Ban tsaya na koya ba, ina toshe hanci, kuma wannan yana ci min rai har yau.

Da sanyin bara na je na gan ta. Jan ya dushe amma yana nan. Na duƙa ina tsintar 'ya'yanta a zanena, sai wata 'yar yarinya ta fito daga gidan da ke kusa ta ce, "Hajiya, bari. Iccen gomnati na, ba a taɓawa."

Na buɗe baki zan gaya mata ko na wace ce, da yadda ta shiga motar farko, da bayan da na hau. Sai idona ya kai kan tulin bulo da aka jibge daf da saiwoyinta, da sabon ginin da ya tsaya taku kaɗan daga gindinta bai ƙarasa ba. Na zubar da abin da na tsinta, na kakkaɓe zanena, na ce wa yarinyar ta kyauta, duk wanda ta gani ya zo ta hana shi.