An Yi Furfure da Nafi'u

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kankara, mu uku cikin wata tsohuwar mota da ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai ta waje. Ni ne, da abokina malamin firamare, da direbanmu, mutumin Sabuwa, wanda ya rantse ya san kowane rami na hanyar Faskari kamar shi ya haƙa shi. A bakin gari muka tsaya muka sha koko da ƙosai har gari ya waye tangaran, don a 'yan shekarun nan ba mai hankalin da ke shiga wannan hanya da duhu. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, mai tuyar kuma ta ce in muna da ƙorafi mu kai wa mai wake.

Tsofaffin masu bibiyata sun san ni, amma saboda sababbi: ni ne mai gyaran wayar nan da ya haukace a kan besbol. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefa wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki, in ya doke ta ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu kafin a dawo da ita. Shekara shida ke nan ina kallonsa a waya ni kaɗai. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu Sarkin Jifa suke kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Dalilin tafiyar shi ne Nafi'u. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Daudawa, ya je karatu kudu, wani mai horar da 'yan wasa ya ga yadda yake jifa, yau ga shi yana wasa a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru a Japan. Mun saba ta waya, don ni kaɗai ne ɗan gida da zai yi wa hirar aikinsa ban ce ya nemi sana'a ba. A makon jiya ƙungiyarsa ta ba da shi ga wata, ta karɓi 'yan wasa biyu a madadinsa. Murna ta cika ni, na rubuta a shafina da manyan baƙaƙe cewa an ba da namu an karɓi mutum biyu. Samarin ƙauyensu suka karanta, suka kai wa mahaifinsa labari yadda suka fahimta: an sayar da Nafi'u.

Nafi'u ya samu Baban nasa a waya sau biyu yana rantsuwa lafiya lau yake. Tsohon bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, don a yankinmu kowa ya san mutum yana cewa lafiya lau a waya alhali yana hannun mutane. Sai ya yanke shawarar sayar da shanun huɗarsa biyu ya fanso ɗansa, ga damina ta tsaya, ga dawa tana jiran huɗa. In shanun nan suka tafi, noman bana ya tafi. Nafi'u ya roƙe ni in je in yi masa bayani ido da ido. Ni na haƙa ramin, dole in cike shi.

Hanya ta yi kyau da ido, ta yi muni da ƙugu. Ko'ina kore shar, masara ta kai ƙirji, duwatsun Faskari sun yi wanka suna sheƙi, amma kwalta ta zama tarihi a wurare da yawa. Mun wuce shingen jami'an tsaro uku da na 'yan sa-kai ɗaya. A kowanne sai an tambaye mu ina za mu, malamin ya hana ni faɗin gaskiya, wai in na fara bayanin besbol za a tsare mu har azahar. Direba kuwa duk ramin da ya faɗa sai ya ce sabo ne, jiya babu shi.

Wajen ƙarfe tara muka isa ƙauyen. Turke biyu muka tarar a ƙofar gida babu komai a kansu sai igiya da ɗanyen kashin shanu, garma kuma tana jingine da katanga. Mahaifiyar Nafi'u ta yi mana magana daga bayan zana, ta ce maigidanta ya kora shanun kasuwar Yankara tun sassafe, kwana uku bai ci abin kirki ba. Ko ruwan da aka kawo mana ban iya shanyewa ba.

Duk da saurin da muke yi, sai da na tsaya minti biyu a gonarsu da ke bakin hanya, inda maƙwabcinsu ya ce nan Nafi'u ya girma yana korar tsuntsaye da hoge daga kan rumfa. Na tsaya inda rumfar take, na dubi bishiyar ɗorawar da aka ce yana kai jifa gindinta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauki hoge na gwada, ko rabi bai kai ba, kafaɗata kuma ta yi ƙara. Direba ya ce in shiga mota tun ba a kai ni wurin mai ɗori ba.

Kasuwar Yankara ta cika ta batse. Ga masu taki da maganin feshi, ga mata da ƙoren fura da nono, ga tsire yana kiran mutum da sunansa, muka wuce duka muka nufi kara, wato wurin shanu. Ba mu sha wuyar gane tsohon ba, don kamarsu ɗaya da Nafi'u har tsayin hannu. Yana tsaye riƙe da igiyar wasu bijimai biyu farare, dillali yana zagaya su yana latsa musu tozo, mai saye na gefe yana yatsina fuska irin ta wanda kaya suka yi wa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne abokin Nafi'u daga Kankara.

"Kai ne ka rubuta an saida shi?"

Na ce ni ne, Baba, amma ba haka nake nufi ba.

"To mi kake nuhi? An ba da shi ko ba a ba da shi ba?"

Na fara bayani, na kawo ƙungiya, na kawo kwantiragi, na kawo albashi, ina ƙara magana fuskarsa tana ƙara rufewa. Dillalin ne ya cece ni, Allah ya saka masa. Ya ce, "Malam, furfure ne hwa. Kamar ka ba da sa guda ka amshi maruƙa biyu. Aikin yaron anka musanya, ba shi ba." Tsohon ya gyaɗa kai. Furfure dai ya sani, ya yi shi ya fi a ƙirga.

Na duba agogo, na tuna yanzu magariba ta yi a can, kuma sabuwar ƙungiyar tana da wasa. Baba ya miƙa wa dillali igiyar shanun, muka koma inuwar wata rumfa inda sabis ya fi ƙarfi, na kunna waya. Filin ya bayyana: fitilu sun mayar da dare rana, mutane jere bisa jere har sama suna waƙa da murya ɗaya, ciyawa kore an aske ta layi-layi kamar an yi mata kitso. Na ga filaye irin wannan sau dubu, amma ban taɓa ganin su da idon wanda bai taɓa gani ba. Kafin minti biyar mutum kusan ashirin sun rufe mu, har da mai sayen shanun. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ke kiwo a wurin. Na ce ba kowa. Ya girgiza kai, ya ce wannan ciyawa ta ishi shanu talatin.

Sai da muka jira kusan awa ɗaya, na sayi kati sau biyu, kafin aka kira Nafi'u ya karɓi jifa. Ya fito da gudu daga gefen fili, ya hau ɗan tudun da mai jifa ke tsayawa, ya gyara hula. Ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo. Mai kulkin ya kai duka ya doki iska har ya kusa faɗuwa. Na biyu ma haka. A na uku ko motsi bai yi ba, ƙwallon ta wuce shi, kuskure uku ke nan an fitar da shi, filin ya ɗauki ihu, kara ma ta ɗauka. Wani mai awaki da ko sunan wasan bai sani ba ya yi kabbara. Ni kam hawaye nake, ban ɓoye ba.

Baba bai yi ihu ba. Ya kawo fuskarsa dab da wayar, ya ce, "Ya yi ƙiba." Can ya ƙara, "Ƙahwar hagu yake ɗagawa da yawa. Tun shina ƙarami nike hana shi."

Ana cikin haka ɗaya daga cikin bijiman ya fizge igiya daga hannun dillali ya nufi wajen masu tumaki. Mutane suka watse. Tsohon nan da kwana uku bai ci abinci ba ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan dutse, bai ko gyara tsayuwa ba ya sake shi. Ƙas! A kan ƙahon dama. San ya tsaya cak, ya juyo, ya dawo yana huci. Na auna tazarar da ido, na kasa rufe baki. Shekara shida ina neman gwanayen jifa a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, ashe ga malaminsu da tsohuwar taguwa a kasuwar Yankara.

Ya karɓi igiyarsa, ya ce wa mai saye ya yi haƙuri, an fasa. Na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na riga na fara yi masa sallama sai ya riƙe hannuna.

"Da za su yi furfuren, sun tambaye shi?"

Na so in ce e. Amma na san wasan nan, na san yadda ake yi: da safe a kira mutum ofis, da yamma ya haɗa jakarsa. Na ce, "A'a, Baba. Ba a tambayarsu."

Ya daɗe yana shafa wuyan san da ya jefa. Sannan ya ce, "To ka hwaɗa mashi shanun na nan. Ran da duk ya ji ba ya so, ya yi magana."

A hanyar dawowa ba mu yi surutu ba, ko direba ya bar ramuka sun huta. Mun sayi fura a bakin hanya muka sha a mota, muka shiga Kankara ana kiran la'asar. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na yi shekaru ina tafi duk lokacin da aka yi musayar 'yan wasa, ina lissafin wa ya ci riba, ban taɓa tambayar ko mutumin yana son tafiya ba. Sai da wani tsoho da bai san kusurwa nawa ke filin ba ya yi tambayar a madadina.

Washegari da hantsi na aika wa Nafi'u saƙon Babansa kalma da kalma. Na ga alamar ya saurara, na ga ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge. Sai da na gyara waya biyu kafin amsarsa ta shigo, da murya: "Ka ce mashi ya yi huɗa. Ka ce na ji."