Agogona Mai Cin Rana da Baba Danladi

Jama'a, wannan abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi da ana iya goge abu daga rayuwa da shi zan fara gogewa, don har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekarun baya ne, lokacin ina sayar da albasa a Kasuwar Artisan da ke Inugu, ina kwana a unguwar Ogui tare da 'yan garinmu, wani lokaci kuma in bi mota zuwa Anaca ko Fatakwal idan kaya sun yi mana yawa.

A irin wannan tafiyar ce na sayi agogon a Anaca, a hannun wani Inyamuri mai gwanjon agoguna. Baƙi ne, mai kauri, fuskarsa ta hannaye ce ba ta lambobi masu ƙyaftawa ba. Mutumin ya buga shi da teburi a gabana, ya tsoma shi a kofin ruwa, ya ce, "Aboki, dis one no dey die," wato wannan ba ya mutuwa. Ya yi min bayani cewa ba a sa masa batir, hasken rana yake ci, kuma ba a saita shi, wai akwai sigina da yake kamawa ta iska ya gyara kansa. Sai ya ƙara da cewa idan ya daɗe a cikin duhu hannayensa duka sukan taru a kan sha biyu su tsaya, barci ke nan yake yi don kada ƙarfinsa ya ƙare, da zarar ya ga haske kuma sai su farka su zagaya da gudu su koma kan lokaci. Ya zaro wani irinsa daga ƙasan akwati ya nuna min, na ga hannaye suna gudu da kansu, ai nan take hankalina ya tafi.

Ni kuma, Allah Ya yafe min, mutum ne mai baki. Ban yi sati da dawowa ba duk layin 'yan albasa ya san agogona. Buhu ya faɗo a kansa ko kwarzane bai yi ba, ruwan saman Inugu ya dake shi yana ta tafiyarsa, ni kuwa ko ba a tambaye ni lokaci ba sai na faɗa. Har sunana ya ɓace, kowa Mai Agogo yake ce min, ina jin daɗi ina wani ɗaga hannun riga.

A tsallaken rumfata akwai wani dattijo, Baba Danladi, Kirista ne daga kudancin Kaduna, citta yake sayarwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ba shi da yawan magana, amma muna wasa, ni in ce masa mai yaji shi ya ce min mai sa mutane kuka. Bayan na yi 'yan watanni da agogon sai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Haka kawai, ba kullum ba kuma ba a wani lokaci sananne ba, sai ya taso ya bar kayansa ba mai tsaro, ya zo ya zauna a bencina daf da ni, ya sunkuyar da kai leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan. Idan na ce, "Baba, lafiya?" sai ya ce, "Lafiya lau, ɗana, agogon nan naka na zo gani." Ya ɗan jima ya tashi ya koma.

To, a irin wannan zaman ne na fara lura. Rana tsaka, haske har yana kashe ido, na duba hannuna sai na ga hannayen agogon sun taru a kan sha biyu sun tsaya cik, irin barcin nan da aka ce sai a duhu yake yi. Na girgiza shi, na miƙa hannu waje cikin rana, shiru. Baba Danladi na tashi ba da jimawa ba sai na ga sun zabura sun zagaya sun koma daidai. Da farko na ce matsala ce, na kai shi wurin wani mai gyara a Ogui, ya buɗe ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya ma ce siginar da ake faɗa ba ta isowa ƙasarmu, don haka ba ita ke juya shi ba. Amma abin ya sake faruwa, ya kuma sake, kuma duk lokacin da ya faru dattijon nan yana zaune a gefena.

Da na yi shiru da bakina da shi ke nan. Amma ina, a teburin mai shayi na saki maganar, na ce ni dai ban ce komai ba, amma agogon da ba ya barci sai a duhu yana barci idan wani ya zauna kusa da ni, kowa ya yi lissafinsa. Kun san kasuwa. Kafin a yi kwana nawa magana ta zama Baba Danladi maye ne, duhu yake yawo da shi. Matan da ke sayen cittarsa suka koma wani layi, masu dako suka daina sauke masa kaya, wanda ke kusa da rumfarsa ya ja buhunansa gefe. Mutumin da ya fi shekara ashirin a wurin, ga iyali a gida yana aika musu, sai ga shi a zaune shi kaɗai daga safe har yamma. Wasu har suka fara cewa a tashe shi daga layin gaba ɗaya.

Maganar ta kai kunnen Alhaji Mamman, shugaban Hausawan layinmu, ya kira mu duka biyu bayan azahar a filin da motoci ke sauke kaya, mutane suka taru kamar ana rabon wani abu. Ina isa na duba hannuna, agogo ya yi barci. Har wani daɗi na ji, na ɗaga hannu sama ina nuna wa jama'a, ina cewa to ga shi nan, ido ba ya ƙarya.

Baba Danladi bai yi musu ba. Ya ce, "Alhaji, a ba ni shi in ɗaura."

Na kwance na miƙa. Wallahi tallahi ko maɗaurin bai gama sawa ba hannayen suka farka, suka zagaya a gaban kowa suka tsaya a kan lokaci, siririn hannun daƙiƙa yana ta tafiyarsa. Aka dawo min da shi, ina ɗaurawa suka sake tattaruwa a kan sha biyu. Alhaji Mamman ya karɓa ya ɗaura a nasa hannun, ya farka. Aka ba wani direba, ya ci gaba da aiki. Sai Alhaji ya ce wa Baba Danladi ya tafi can bakin ƙofar kasuwa, ya tafi har muka daina hango shi, sannan aka ce in ɗaura. Na ɗaura, ga rana a kaina, ga jama'a sun zuba ido, agogon nan ya kwanta barci kamar an jefa shi cikin rijiya.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da dariyar aka yi da ta fi min sauƙi. Na dai ga waɗanda ke kusa da ni suna ja da baya a hankali, har da yaran garinmu da muke cin abinci kwano ɗaya. Alhaji Mamman ya dube ni ya ce, "To, Mai Agogo, wa za mu tasa daga layin?" Na rasa inda zan sa fuskata, ban san lokacin da na durƙusa a wurin ba. Kunya irin ta ranar nan ban taɓa jin ta ba, ko a gaban surukaina.

Sai da na kwana biyu ban fito kasuwa ba, sannan na je ɗakin Baba Danladi da yamma don in ba shi haƙuri. Na tarar yana ɗaure kayansa, ya ce gida zai koma, ya gaji, kuma wurin da aka taɓa kiran mutum da wannan suna ba ya sake zama masa daidai ko an wanke shi. Na roƙe shi har da hawaye, ya ce ya yafe, amma tafiya ba fashi. Da na ga haka sai na tambaye shi abin da ke cina, na ce, "Baba, don Allah me ke kawo ka bencina?"

Ya ce, "Ɗana, ni ban iya duba agogo mai hannu ba ma. Akwai wanda ke zuwa ya tsaya a bayanka. Dogo ne, kansa yana taɓa rufin rumfa, idan ya tsaya sai in ga kamar an rufe ka da baƙin bargo. Shi ne nake zuwa in zauna in yi addu'a irin tamu har ya tafi."

Na ce wane ne, me yake so da ni? Ya ce bai sani ba, bai taɓa ganin fuskarsa ba, kuma bai taɓa ganin ya taɓa ni ba, tsayawa kawai yake yi. Na ce me ya sa bai faɗa min ba tun farko, ko a gaban Alhaji ya kare kansa? Ya ce, "Da na faɗa a gaban mutane, kai za a guje wa. Kai kuma yaro ne, yanzu ka fara."

Washegari ya hau mota, ban sake ganinsa ba. Na je wurin malamai a Inugu da gida, an yi min rubutu an yi min tofi, na riƙe azkar safe da yamma, wani ya ce aljani ne ya biyo agogon daga hannun mai shi na farko, wani ya ce tun daga gida yake bina agogon dai ya tona shi ne kawai. Ni ban san gaskiyar ba. Agogon na ba wani direban Fatakwal kyauta bayan na gaya masa komai, har yau yana hannunsa, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa tsaya masa ba.

Shawarata gare ku, idan kuka ga abin da ba ku gane ba, ku riƙe bakinku kafin ku ɗora wa wani suna, kuma idan dattijo ya zo ya zauna kusa da ku ba dalili, ku matsa masa ku ba shi wuri. Ni har yanzu albasa nake sayarwa, lafiyata ƙalau, na yi aure na haifu. Sai dai ko a watan jiya wata mata ta zo saye da rana tsaka, muna cikin ciniki sai na ga ta daina kallona, ta ɗaga kai tana kallon sama da kafaɗata, can wajen rufin rumfa, ta ajiye albasar a hankali ta juya ta tafi. Ni dai ban waiwaya ba.