Katantanwar da Baba Ya Ware Mini

Ranar Asabar 'yata ta ja ni baje kolin wata ƙungiya ta masu nazarin halittun da suka zama dutse, can hanyar Summerfield, a nan ƙasar Turawa da muke zaune. Ban so fita ba, don ban daɗe da gama karɓar gaisuwar rasuwar Baba ba. A kan wani tebur na ga katantanwar dutse. Na ɗaga ta, sanyinta da nauyinta suka mai da ni gida.

A garinmu, idan an gama girbi, Baba yakan kora jaki bayan tsaunuka ya ɗebo farin dutse. Inna ta gasa, ta jiƙa, a shafe ɗakuna. Har yau ina jin ƙaurinsa. Cikin lodin ake samun katantanwa da haƙoran kifi, a ƙasar da rijiya ma sai an sha wuya take ba da ruwa. Kakata takan ce ragowar ɗufana ne. Ta hana mu taka su, amma ba ta hana a gasa ba, don haka mun ƙona da yawa. Guda ɗaya Baba ya ware ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, uwata. Wannan ta fi ƙarfin wuta." Ita na ƙetaro teku da ita.

Na nuna hotonta da ke wayata ga dattijuwar da ke kula da teburin baje kolin. Ta daɗe tana kallo. Ta ce akwai malaman da za su so ganinta, za su iya gaya mini wace halitta ce da zamaninta, amma sai an san ainihin wurin da aka haƙo ta. In babu wurin, abin da za su iya faɗa kaɗan ne.

Na buɗe waya zan kira Baba. Sai da na ga lambarsa na tuna.

Ba a zuwa da 'ya'ya mata bayan tsaunuka. Da na koma gida na kira yayana, ya ce sau ɗaya ya bi Baba yana ƙarami, ba zai gane hanyar ba. Yanzu kowa fenti yake saye, waɗanda suka yi haƙa tare da Baba kuma duk sun riga shi.

'Yata ta tambaye ni da Turanci wa ya rage da za mu tambaya. Na yi ta lissafa mutanen garinmu a raina, gida gida. Ban samu kowa ba.