Gwangwanin Katunan Hamma

Yayana, wanda muke kira Hamma, ba ya shan taba, ba ya bin 'yan mata. Cutarsa ɗaya ce, katunan gidan waya. Wani malaminsa Ba'amurke da ya koma ƙasarsu ne yake aiko masa da su, a zamanin da komai na gwamnati sai an je Maiduguri. Kowane kati hoton ƙato ne da hula, ya ɗaga kulki yana jiran ƙwallo. Besbol ake ce wa wasan, kuma duk unguwarmu ta Rumde ba wanda ya taɓa ganin an buga shi. Hamma ya sa an sassaƙa masa kulki irin na hoton, ya jingine a bayan ƙofa.

A gwangwanin biskit yake ajiye su. A wurinsa kati ba kati ba ne sai da kan sarkinsa da hatimin garin da ya fito, don shi ne shaidar ya ƙetaro teku. Ni ƙanwarsa ko kallo sai na wanke hannu da sabulu, abin da yake ba ni haushi har wuya.

Bappa wan mahaifinmu ne. Ɗansa ya zo daga Yola ya zauna wurinmu don karatu. Shi kan sarki yake tarawa, hoton bai dame shi ba. Wata ranar kasuwa na shiga madafa na tarar ya ɗora buta a wuta, yana kara katunan Hamma a tururi yana ɓare kan sarkin. Wanda ya ƙi ɓaruwa sai ya yage kusurwar. Katunan sun jiƙe sun nannaɗe a ƙasa kamar ɓawon rogo.

Na buɗe baki zan yi masa masifa, sai Hamma ya shigo. Bai yi ihu ba. Ya juya ɗaki, ya fito da kulkin.

"Hamma, hoton yana nan ai! Kan sarki kawai na cire!" in ji ɗan Bappa yana dariya.

Dariyar ce kulkin ya tarar. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Butar ta kife, ruwan zafi ya zuba masa a ƙafa, ya faɗi kan murhu yana tofar da jini da gutsuren haƙori. Hamma ya sake ɗagawa, mahaifiyarmu ta rungume shi ta baya tana salati, ni kuwa na maƙale kulkin da hannu biyu har ya ɗaga ni sama. Tsoron yayana ya kama ni ranar, abin da ban taɓa ji ba.

Da kumburin bakin ɗan Bappa ya sace, aka kira mu Yola. Bappa bai yarda da zancen 'yan sanda ba. Mutumin sharo ne a ƙuruciyarsa, tabon bulala har ya tsufa yana ƙirjinsa, kuma hukuncinsa ɗaya ne: wanda ya doka ya tsaya a rama, da abin da ya yi dukan, sannan magana ta mutu. Maza suka yi da'ira a tsakar gida, mu mata muna leƙe ta zana.

Hamma ya cire riga, amma gwangwanin yana hammatarsa. Tun ranar faɗan bai yarda ya bar shi ko'ina ba.

"Ajiye wannan abu, ɗaga hannu," in ji Bappa.

"Bappa, zan ɗaga, amma ba zan ajiye ba."

Ɗan Bappa ya yi magana ta wawulon bakinsa, da ƙyar ake ganewa. "Ya ba ni gwangwanin, na yafe. Ba sai na buge shi ba."

Mahaifiyarmu ta ce daga bayan zana, "Ba shi! Don Allah ba shi, takarda ce kawai!" Ni ma a raina na ce wannan wane irin taurin kai ne, mutum ya sayar da haƙarƙarinsa saboda hoton ƙattin da ba su san da shi ba.

Hamma ya girgiza kai. Ya ɗaga hannayensa sama yadda masu sharo suke yi, gwangwanin a tsakanin tafukansa, ya miƙa ƙirji, har da murmushi. Kowa ya zuba ido a haƙarƙarinsa, don nan ake duka.

Ɗan Bappa ya ja da baya, ya gwada kulkin a gefen ƙirjin, sannan ya kai wa gwangwanin duka da iya ƙarfinsa. Yatsun Hamma ne a kai. Gwangwanin ya lotse, murfin ya yi tsalle, katuna suka watse a ƙasa. Hamma ya durƙusa yana ƙoƙarin tattara su, yatsun damansa sun juya ta inda yatsa ba ya juyawa, jini yana ɗiga a kan hotunan. Bappa ya shara wa ɗansa mari har ya faɗi, amma ramuwa ta riga ta auku, kuma shi ya ce daga ita ba sauran magana.

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsun suka haɗe a lanƙwashe, ba su ƙara riƙe alƙalami ba, kwalejin horon malamai da yake karatu ma haka ya bar ta. Har yau ban yafe wa ɗan Bappa ba, ko gaisuwar Sallah ba na amsa masa.

Katunan da suka rage na goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Da aka kwance masa ɗorin, Hamma ya kira ni ɗakinsa, ya yi ta fama ya ɗauki kati daga tabarma, yana zame masa. Can ya daina, ya dube ni idonsa ya cika.

"Ɗaga mini wannan in gani," ya ce. "Juya bayan."