Gwangwani Biyu a Alkuki Ɗaya

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Yerwa, har da fuskokin wasu maƙwabtana, amma wata Laraba ta cikin damina, ana gab da tafiyar Turawa, ba za ta fita daga raina ba har a rufe ni.

Lokacin ina ɗinki a Gamboru, ina da 'yar gonar gyaɗa wajen Galtimari, inda a wancan zamanin daji ne. Gadu ya addabi gonar, sai na nemi lasisi na sayi tsohuwar bindiga mai baki biyu. Tsadar harsashi a kanti ita ta hana ni sakat. Ni kuwa, a faɗi gaskiya, maƙo ya yi mini yawa, ko ƙyallen da ya faɗi ƙarƙashin keken ɗinki ba na zubarwa. Da wani tsohon maharbi, Babarbare, ya ce mini kwanson da aka harba ana iya sake cika shi, sai na ji kamar gona ya ba ni kyauta. Ya sayar mini da albarushi, ya nuna mini sau biyu, na ɗauki kaina gwani.

Albarushi ba ya son laima, gidanmu kuma ko'ina yoyo yake sai alkukin da ke jikin bangon ɗakin matata. A nan take ajiye kwallin da take niƙawa da kanta, cikin wani ɗan gwangwanin taba. Na samo wani irinsa cikin tarkacenta, na juye albarushina, na tura shi can ciki. Ban gaya mata ba, don na san cewa za ta yi in fitar da shi.

Ranar Talata da yamma, hadari ya rufe gari, na miƙa hannu na ɗauko gwangwani na cika harsashi huɗu, ina ta yaba wa kaina dabara. Da safe na hau keke zuwa gona. Matata kuma tana shirin tafiya unguwar Limanti, ƙanwarta ta haihu, ita za ta yi wa jaririyar wankan yamma.

Wajen hantsi sai ga gadun a tsakiyar kunya, yana tono hankali kwance. Na saita, na ja kunama. Bindiga ta yi wani ɗan tari, shi ke nan. Na ja ta biyu, haka. Gadun ya ɗaga kai ya dube ni, ya ci gaba da abin da yake yi. Na duba bindiga, na duba hannuna, na rasa me zan zarga. Manoman da ke kusa suka taru, kowa da tasa. Wani ya ce laima ce. Wani ya ce ai wannan gadun ba dabba ba ne, ya ɗaure bakin bindigogi da yawa kafin tawa. Wani ya tambaye ni ko na yi faɗa da wani a kasuwa. Wallahi har na fara lissafa waɗanda na ɓata wa ɗinki.

Sai bayan azahar na samu tsohon maharbin a bukkarsa. Ya saurare ni, ya buɗe harsashi ɗaya, ya zazzage a tafin hannu, ya murza, ya sunsuna. Yatsansa ya yi baƙi yana ƙyalli.

"Malam tela," ya ce, "gadu za ka harba, ko kwalliya za ka yi masa? Wannan ai kwalli ne."

Na yi dariya tare da shi, ban gane ba tukuna. Sai ya daina dariyar ya ce, "To albarushin yana ina?"

Ban san yadda na kai Limanti ba. Na san dai sarƙar keke ta zame a taɓo, na yar da shi na ci gaba da ƙafa, idon jaririyar nan kawai nake gani a gabana. Na yi sallama a zaure ana kiran la'asar.

Surukata ce ta fito, jaririyar a hannunta, an yi mata wanka, idanunta fes babu ko ɗigon kwalli. Na durƙusa ina hamdala. Tsohuwar ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce, "Shiga ka ga matarka."

Tana zaune a bakin rijiya, ƙanwarta na zuba mata ruwa a fuska. Idonta na hagu ya kumbura, ya yi jawur, hawaye na bin kumatunta. Gwangwanin na gefe a buɗe.

"Na ji shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa," in ji matata, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ni ba na sa wa ɗan kowa kwalli sai na fara gwadawa a idona. Malam, da ka gaya mini."

Idon ya warke, amma bai koma daidai ba. Har ta rasu, in za ta zura zare a allura sai ta karkatar da kai, ko ta miƙo mini. Shekara talatin ina zura mata zare, ba ta taɓa tuna mini dalili ba.

Bindigar na sayar da ita a makon. Abin da na koya shi ne, duk dabarar da sai na ɓoye wa mutanen gidana kafin ta yi aiki, ba sauƙi na samu ba, wani ne a cikinsu zai biya. Tawa, da ido aka biya ta, kuma ba nawa ba.