Yaya Lan, Ba Ki Taɓa Yin Jabu Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Sat Yuk-lan, mai gyaran agogo a titin Apliu, wadda nake kira Yaya Lan, ɗalibaina kuma suke kira Goggo. Ta rasu bayan doguwar jinyar huhu.

Yaya Lan, na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, amma na kasa. Tun kafin a yi miki sutura na ji wani a shagon shayi yana cewa, "Ashe tsohuwar nan mai jabu ta mutu." Wannan kalmar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kina yarinya kika shiga masana'antar agogo a unguwar Kwun Tong, kika yi aiki har ranar da masu ita suka kwashe injinansu suka tsallaka iyaka. Ba ki zauna kuka ba. Kika kafa rumfa, kina ɗaukar agogo mai araha ki sauya masa fuska da hannaye da maɗauri, ki goge shi har ya yi kama da waɗanda ake jerawa a manyan shagunan unguwar masu kuɗi ta Central. Sai dai kina da dokoki biyu da ba ki taɓa karyawa ba. Ba kya buga sunan kowane kamfani a fuskar agogo. Kuma bayansa gilashi kike sawa, don a riƙa ganin injin mai arahar nan yana aikinsa. In kin gama, a kife kike miƙa wa mai shi, sai ya kalli bayan tukuna kafin ki bari ya juya.

Kowace Asabar ina kawo miki ɗalibaina su koyi gyaran agogo. Yaran da ba sa iya zama a aji sai ga su shiru, riƙe da hantsaki, suna tsoron yin numfashi. Ina tuna ranar da Fung Ka-ho, wanda ya gama makarantarmu, ya zo zai tafi neman aiki a banki.

Ya ce, "Goggo, ɗan sa mini tambarin nan mana, ɗan mitsitsi. Wa zai gane?"

Kika ce, "Kai za ka gane, sarkin wayo. Fuskar ta masu kallo ce, bayan kuwa naka ne. Je ka goge wuyan rigarka, shi za su fara gani."

Ya tafi yana ƙunƙuni, da agogonsa marar suna. Har yau shi ne a hannunsa.

Shekarar da ta gabata wani mutum ya sayi agogunanki, ya kai wani wuri aka buga musu tambari, aka cire gilashin baya aka toshe da ƙarfe, ya sayar a matsayin na asali. Da aka kama shi sai ya nuna rumfarki. Masu bincike suka zo, suka duba, suka wanke ki. Amma wankewar ba ta yi nisan da zargin ya yi ba. Kwamitin iyaye na makarantarmu ya hana ni kawo yara. Na yi musu har muryata ta dushe, ba su saurara ba.

Da na gaya miki, kika ce, "Malama, ƙyale su, kada hawan jininki ya tashi a kaina." Sai daga baya maƙwabcinki mai sayar da fitilu ya faɗa mini cewa kowace Asabar kina fito da kujerun yaran, ki jera su, da yamma ki mayar. Haka kika yi ta yi har ciwo ya kwantar da ke.

Ranar jana'iza Ka-ho ya kira ni. Yawancin yaran ba Musulmi ba ne, kuma hankalinsu ya tashi.

Ya ce, "Malama, an ce mana ba a kunna turare, ba a ƙona takardu kamar yadda muke yi wa mamatanmu, ba a kai furanni. To hannu rabbana za mu zo wa Goggo?"

Na ce su zo kawai.

Suka zo maƙabartar Chai Wan, suka tsaya can bayan sahu cikin ladabi. Da aka idar da salla na waiwaya, sai na ga kowannensu ya juya maɗaurin agogon da ya samu a rumfarki. Fuskar na manne da fata, gilashin baya yana waje, injinan suna ta motsi a gaban kowa. Har da 'yar shugaban kwamitin da ya hana mu zuwa. Mai son sanin ko ke mai jabu ce, da ya zo ya duba hannayen nan.

Don haka ga sanarwata ga kwamiti da masu shan shayi. 'Yarki Siu-wai ta ba ni mabuɗin rumfa. Asabar mai zuwa zan fito da kujerun, ba da sunan makaranta ba, da sunanki. Waɗanda kika koya wa za su koya wa na baya, kuma a kife za a riƙa miƙa kowane agogo. Wanda abin bai yi wa daɗi ba, ya zo ya same ni a can.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Siu-wai da jikokinki, da dukan dangin Sat, da jama'ar masallacin Wan Chai, da maƙwabtanki na titin Apliu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Yuk-lan, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ba ta ɓoye wa bayinka abin da ke ciki ba. Ka rufa mata asiri ranar da za a buɗe cikin kowa. Amin.

Tuet Mei-fong
Malamar makaranta, Sham Shui Po