Tabarmar Inna a Gindin Darbejiya

Jiya a motar Kazaure wata tsohuwa mai goyo ta zauna kusa da ni, tana ƙamshin man kaɗanya. Nan take surukata, Inna, ta faɗo mini a rai.

Da na haifi ɗan fari, maigidana ya ce in ajiye aikin unguwarzoma da nake yi a wani asibiti a Roni, tunda babu mai raino. Inna ta harare shi ta ce, “Ni na mutu ne? Matan ƙauye kuma, kai za ka karɓi haihuwarsu?”

Tun daga ranar ita ke goya yaron ta biyo ni, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. In ya yi kuka sai ta aika a kira ni. Ta san ina kunyar shayar da ɗan fari a gabanta, sai ta juya mini baya, ta ci gaba da ɓararta har in gama.

Yau ni ce shugabar ɗakin haihuwa. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ta inuwar da ta fi wadda ta zauna domina.